Jif Ɗin da Aka Toshe wa Yoyo da Sabulu

Shekarun baya, lokacin ina shugabar wata firamare a Kafanchan, na kusa sayen wata mota da har yau in na tuna da ita sai na ji wuyana ya ɗau zafi. Jiya wata a cikinku ta tambaye ni me ya sa duk wanda ya ce zai sayi mota ta hannu nake tsare shi da wa'azi kamar ranar Lahadi. To, ga dalilin, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Mahaifiyata tana da hawan jini da ciwon suga, kuma ta ce ba mai raba ta da ƙauye sai mutuwa. Ƙauyenmu yana can bayan Madakiya. Sai ka bar kwalta, ka gangara wani tudu mai duwatsu, ka ƙetare rafi, sannan ka sake hawa. Da rani kowace mota tana lallaɓawa ta shiga. Da damina kuwa sai babur, shi ma sai mai taurin kai. Ga shi duk wata sai an kawo ta asibiti. Akwai ranar da muka ɗauko ta a babur cikin ruwan sama, ita a tsakiya, ni a baya na rungume ta, ƙafarta da ta kumbura tana jan laka. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Da muka hau kwalta na ce a zuciyata, ko me zan sayar sai na sayi jif mai fowil, irin wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja.

Na sayar da filina da na yi shekaru ina cewa zan gina. Na fara cigiya.

Ba a yi mako biyu ba yayana ya kira ni da murna. Wai wani dattijon cocinsu zai sayar da jif ɗinsa. Na san mutumin, kowa ma ya san shi. Shi ya tsaya wa yayana a matsayin uba ranar aurensa, domin mahaifinmu ya riga ya rasu, kuma shi ya yi masa hanyar aikin da yake ci da iyalinsa. A gidanmu ba a kiran sunansa, Baba kawai ake cewa.

"Ke dai kin yi sa'a," in ji yayana. "Motar Baba ce, daga gida sai coci. Saboda Mama ma ya ce zai rage miki."

Ranar Asabar da safe muka je. Na biyo daga taron zumuntar mata, da zanen zumunta a jikina da takalmi mai tsini, domin a tunanina gani kawai za mu yi mu gaisa. Motar tana tsakar gida, baƙa, sai ƙyalli take. An wanke ta har tayoyi, ruwa na kwance a ƙarƙashinta. Littafi Mai Tsarki yana ajiye a gaban gilashi. Gaskiya ta shiga raina nan take. Na riga na hango Mama a kujerar baya da matashinta.

Baba ya ce kafin komai mu yi addu'a. Muka riƙe hannu muka zagaye motar, ya roƙi Ubangiji ya sa ta zama albarka ga gidanmu. Na ce amin da ƙarfi, ni ma.

Amma akwai wata ɗabi'a da na gada. Mahaifinmu ya yi aikin gyaran kan jirgi a reluwe har ya yi ritaya, kuma ko injin niƙa aka kawo masa, ƙasan da abin ya kwana a kai yake fara dubawa kafin ya taɓa shi. Tun muna yara muke ganin haka. Yayana bai ɗauki halin ba, ni na ɗauka. Sai kawai na tattare zane na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar. Ban san sunan komai a wurin ba, kar ku ɗauka wata gwana ce ni. Abin da na lura shi ne cikin ya yi tsabta fiye da kima. Motar da ta yi shekaru a titunanmu, a ce ko ɗigon laka babu a cikinta? Kuma ƙasan duk a jiƙe yake, ko da wani abu yana ɗiga ba yadda za a gane.

Na miƙe na ce, "Baba, in ba damuwa, ina so mu ɗan zaga da ita, mu biya wurin makanike ya duba."

Murmushinsa bai tafi ba, amma ya daskare.

"'Yata, makanike kuma? Ni zan cuce ki? A hannuna fa yayanki ya yi aure."

"Ba haka ba ne, Baba. Hanyar ƙauyenmu ce ba ta da kyau."

Yayana ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa cikin yarenmu, "Kar ki kunyata ni a gidan nan." Na amsa masa cikin yaren ni ma, na ce filina na sayar, ba kaza ba. Muka tsaya cirko-cirko. Can Baba ya yi dariya ya ce matan yanzu da boko sai a bar su, ya miƙo mini makulli.

Ni na tuƙa. Baba a gefena, yayana a baya. Muka fita gari muka ɗauki hanyar Madakiya, muka yi nisa sosai kafin na juyo. Duk tsawon hanyar Baba bai bar rediyo ta yi shiru ba, waƙoƙin yabo yake ta ƙara wa murya yana bi. Sau ɗaya na rage, na ji kamar wani siririn kuka daga baya, sai ya miƙa hannu ya mayar, wai wannan waƙar ce aka yi ranar baftismarsa. A lokacin ban kawo komai ba.

Makaniken da na kai mu wurinsa tsoho ne, a hannun mahaifinmu ya koyi aiki a reluwe kafin ya buɗe garejinsa. Kawu muke ce masa, shi kuma har na yi furfura bai daina kirana 'yar oga ba. Ya sa na hau da motar kan raminsa. Bai buɗe gaban mota ba, bai taɓa komai ba. Ya yaga takardar buhun siminti gida biyu, ya shiga rami ya shimfiɗa ɗaya a kan katako ƙarƙashin ƙafafun gaba, ɗaya ƙarƙashin na baya. Ya fito ya jawo mana benci.

"A bar shi ya huta tukuna," ya ce. "Mai in ya yi zafi, shi da kansa zai faɗi gaskiya."

Muka zauna. Baba yana ta ba da labarin ginin sabon coci, yana duba agogo. Yayana kuwa ya kasa zama, ya tashi ya sayi rake, ya riƙe bai sha ba. Bayan kamar rabin awa Kawu ya koma rami, sai na ji muryarsa daga ƙasa.

"'Yar oga, sauko ki gani da idonki."

Jama'a, ku hango mace mai jiki irina, da zanen zumunta da ɗaurin kai, tana sauka ramin gareji da baya-baya. Takalmi ɗaya ya maƙale a matakala, na ƙarasa da ƙafa ɗaya a cikin baƙin mai. Masu faci na gefe har sun bar aikinsu suna kallo.

Kawu ya haska tocila. Takardar gaba a bushe take. Ta baya kuwa ta yi baƙin tabo kamar faɗin tafin hannu, kuma ina tsaye wani ɗigon ya sake sauka. Ya nuna mini inda yake fitowa: wani kumburin ƙarfe mai kama da tukunya, a tsakiyar sandar da ta haɗa tayoyin baya.

"Wannan shi ne difa," ya ce. "Shi ke raba wa tayoyi ƙarfi. Haƙora ne a ciki suna juyawa cikin mai. Motan fowil biyu gare shi, gaba da baya. Na gaba lafiya. Wannan in mai ya ƙare, haƙoran zai ci juna, wata rana kina tafiya taya ya ƙame."

Ya sa sukudireba ya kankare bakin tukunyar, inda aka fesa baƙin fenti sabo. Wani abu ya ɓantalo ya faɗo a hannuna. Na murza, na shinshina. Sabulun wanki ne. An cusa shi a bakin yoyon, an bi da fenti. Tafiyar da muka yi ce ta sa ya yi laushi ya saki.

Ban gama haɗiye wannan ba, ya kwance wani noti a jikin tukunyar ya zura yatsa. Ya ce da lafiya, yatsan zai fito da mai ruwa-ruwa. Abin da ya fito wani baƙin kunu ne mai kauri, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya shafa mini a tafin hannu, ya ce in murza. Na ji tsaki-tsaki.

"Giris ne da garin katako," in ji shi. "Ana sa wa don kar mai saye ya ji kuka. Wannan mai ƙyalli-ƙyalli kuma ƙarfe ne, haƙoran sun riga sun fara cinyewa."

A nan na tuna da rediyo.

Sai ya haska bayan tayar hagu. Duk cikinta a jiƙe. Ya fito, ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar da kwanon birki. Abin da ke kama taya in an taka birki ya sha mai ya yi sharkaf, har yana naso. Kawu ya dube ni, ya san ƙauyenmu, ya je jana'izar mahaifinmu.

"Gangaren nan naku na rafi, da ruwan sama, da wannan birkin? 'Yar oga, ko kyauta aka ba ki kar ki sa Mama a ciki."

Na fito daga ramin, na juya wurin Baba da hannuna baƙi ƙirin, da guntun sabulu a ciki. Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce ai kowace tsohuwar mota tana ɗan ɗiga, makanikai kuma sun iya zuzuta abu don su sami aiki. Ya ce shi bai san da wani sabulu ba, sai dai ko masu wankin mota. Kawu ya ce masu wankin mota ba sa yawo da garin katako. Da Baba ya ga mutane sun fara taruwa, sai ya ɗaga murya don ya wanke kansa:

"To ai ni ban ɓoye ba! Na gaya wa yayanki tun farko cewa baya yana ɗan shan mai. Shi ya ce ba komai."

Na waiwaya. Yayana yana tsaye da rakensa a hannu, idonsa a ƙasa.

"Yaya, ka sani?"

"Ƙaramin abu ne," ya ce. "Na ce in kin saya sai a gyara a hankali. Ban san ya kai haka ba."

Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Na kama gaban farar rigarsa da hannun nan mai giris. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba tun muna yara, ranar har masu sayar da doya a bakin titi sun ji ni. Na ce, "Uwar wa za ta zauna a kan tayar nan? Tawa ce ni kaɗai? Kai ba ita ta haife ka ba? Ka ga ƙafarta ranar da muka ɗauko ta a babur? Ba ka gani ba, domin ba ka zo ba! Ka tsaya ka riƙe hannuna muna addu'a a kan motar da ka san tana yoyo, don kar ran Baba ya ɓaci?"

Baba ya ce, "'Yata, ki ji tsoron Allah, a gaban jama'a muke."

Na saki yayana na juyo kan Baba. Na ce, "Kar ka sake ce mini 'yarka. Da 'yarka ce za ka ba ta wannan ta gangara rafi da ita? Ka sa Littafi a gaban mota, ka sa sabulu a ƙarƙashi, sannan ni ce zan ji tsoron Allah?" Na ajiye masa guntun sabulun a kan bonet, na ɗauki takalmina a hannu, na tare babur na tafi. Ina kan babur ina kuka, mai babur yana ta ba ni haƙuri bai san a kan me ba.

Kafin Lahadi ta zagayo labari ya cika gari, amma ba labarin sabulu ba. Labarin da ya zaga shi ne wata hedimistires ta zagi dattijon ikilisiya a gareji, ta yaga wa yayanta riga. Rigar ma ban yaga ba, ɓata ta kawai na yi. Matar yayana ta daina amsa gaisuwata. Wata a zumunta ta ja ni gefe ta ce ko da dattijo ya yi kuskure, ba a bakin mace za a ji ba. Faston su yayana ya aiko a ce mini in zo a sasanta, kuma in zo da shirin neman gafara. Na tambayi ɗan aiken ko an ce wa Baba shi ma ya zo da nasa shirin. Ya ce ba a ba shi wannan saƙon ba. Na ce to ni ma bai same ni a gida ba.

Wannan ne ya fi ƙona ni, har fiye da motar. Ba wanda ya musa cewa an cusa sabulu. Ba wanda ya musa birkin. Duk sun yarda. Amma laifin da ake magana a kai nawa ne, domin na faɗa da ƙarfi.

Mama ce ta kira mu ƙauye, ni da yayana. Muka same ta a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Ta fara da ni. Ta ce ba ta haife ni don in riƙa kama wuyan yayana a titi ba, kuma mutumin da ya girmi ubana ba a nuna masa yatsa ko me ya yi. Ni dai ina ta tafasa. Yayana har ya fara gyara zama.

Sai ta juya wurinsa, ba ta ɗaga murya ba.

"Kai kuma, da na mutu a rafin can, Baban naka ne zai yi wa'azi a jana'izata, ko? Zai yi mai kyau kuwa, ya iya magana."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ta ce, "Na san ya yi maka alheri. Ka biya shi da naka, ba da nawa ba." Na ga babban mutum mai 'ya'ya huɗu yana share ido da bayan hannu.

Ban je neman gafarar ba. Abin da na yi, saboda Mama, na ba yayana haƙuri a kan kama masa riga, na kuma gaya masa a fili cewa maganar da na faɗa ban janye ko ɗaya ba. Mun yi kusan wata biyar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Daga baya na sami wata jif a Samaru Kataf, a hannun wani mai sayen citta. Mummuna ce, fentinta ya ƙoƙe, ƙofar baya sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa, ƙarƙashinta kuwa laka har ta yi ɓawo. Mai ita da kansa ya lissafa mini cututtukanta kafin in tambaya. Kawu ya sa ta a rami, ya shimfiɗa takardunsa, muka jira, suka fito a bushe. Ita ta yi ta jigilar Mama shekara shida, damina da rani, har Ubangiji ya kira ta a kan gadonta, cikin ɗakinta, yadda take so. Yawancin tafiye-tafiyen ƙarshe ma yayana ne ya tuƙa, domin ni gwiwa ta fara ba ni matsala. Bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba. Zuwa kawai ya fara yi duk ranar asibiti, tun kafin in kira shi. Na karɓi wannan a haka.

Motar Baba kuwa, na ji an sayar wa wani daga nesa bayan 'yan makonni. Ban san ko waye ba, ban san ko an gyara kafin a ba shi ba. Nan ne nake jin haushin kaina. Na yi ta huci a kan abin da aka yi mini, ban tsaya na yi tunanin wanda za a kai wa bayana ba. Shi ma wataƙila yana da tsohuwa a wani ƙauye mai gangare.

Mutane suna cewa ai ya wuce, ki manta. Na yafe wa yayana da gaske, domin na gane tsoro ne ya kama shi, ba mugunta ba. Amma fushin bai mutu ba, kuma na daina jin kunyarsa. Mun taso an koya mana cewa bincika abin babba rashin kunya ne, tambaya ma raini ce. Da na bi wannan tarbiyyar ranar, da na karɓi makulli na durƙusa na yi godiya, kowa ya yabe ni da ladabi.

Saboda haka in za ka sayi mota ta hannu, musamman ta shiga daji, kar ka duba ta a inda aka wanke ta. Ka tuƙa ta har ta yi zafi, ka kashe rediyo, ka tsayar da ita a busasshen wuri, ka jira. A duba difa na gaba da na baya, a kwance noti a taɓa man, a leƙa bayan tayoyi. In mai motar ya ji haushi, ka bar shi ya ji. Nasa haushin kwana biyu ne. Kai ne za ka ɗauki mutanenka a ciki.

Baba yana nan da ransa, ya tsufa sosai. Muna haɗuwa a wurin biki ko jana'iza. Ina gaishe shi, domin Mama ta ce in riƙa gaishe shi. Amma duk ranar da aka ce shi zai rufe taro da addu'a, sai in ɗauki jakata in fita waje in jira a gama.